Wanda Ya Kira Bilkissou

Alhaji Oumarou mai atamfa bai taɓa kiran 'yarsa ta fari da sunanta ba. Ba ƙiyayya ba ce, kada ma wani ya soma wannan zancen. Haka ya buɗe ido ya gani a Garoua: ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa komai bajintar da ya yi. Shi kansa ɗan fari ne, kuma har mahaifinsa ya koma ga Allah "kai wannan" yake ce masa, bai taɓa jin an rage shi da komai ba. Da ya zo Libreville ya buɗe shago a Glass, ya kama gida a Awendjé, sai ya taho da wannan kunyar, ya ci gaba da yin ta a garin da ba wanda ya san ma'anarta.

Matarsa Hawaou kam tun yarinyar tana rarrafe ta watsar da abin. "A garin mutane nake, ba uwa ba ƙanwa da za ta riƙe mini ita," in ji ta. "In ban kira ta ba, wa zai kira?" Sai ta riƙa ƙwala "Bilkissou" daga kicin har maƙwabta su ji. Shi kuwa Alhaji sai dai "ke", ko "yarinyar nan". In abin ya matse shi a ofishin lekol, wato makarantar boko, takardar haihuwa yake nunawa da yatsa.

Jikin shagonsa akwai na Andrew, mutumin Kafanchan, Kirista, mai naɗin wayar fanka da injin famfo. Hausarsa ta fi ta Alhaji daɗi, abin da Alhaji bai taɓa yarda da shi a fili ba. In an tashi daga lekol yarinyar ta biyo shago, ta jingina da gwiwar ubanta a gaban masu ciniki, sai kunya ta rufe shi ya ce, "Ke, je ki wajen Andrew ki zauna." Da bakinsa ya riƙa tura ta, kullum ta Allah. A can ne Andrew ya ɓallo mata zoben maganaɗisu daga bayan wata matacciyar lasifika, ya barbaɗa garin ƙarfe a kan kwali, ya kara zoben ta ƙasa. Garin ya mimmiƙe ya jeru layi-layi, yarinya ta saki baki ta kasa rufewa. Daga ranar ta zama 'yar shagon Andrew, tana komawa gida da baƙin mai har a gira.

To ga shi yanzu ta dawo hutu daga Faransa, ta zama dokta, ba ta allura ba, ta taurari. Ranar Lahadi Hawaou ta dafa shinkafa da miyar kifi, aka gayyaci Andrew, ya zo kai tsaye daga coci da taye a wuya. Alhaji ya ja kujerarsa can bakin ƙofa, ya kara rediyo a kunne kamar mai jiran wani muhimmin labari. Rediyon a kashe yake.

"To dokta, yi mini bayani da Hausa," in ji Andrew. "Faransancina na sayen burodi ne."

Bilkissou ta yi dariya, ta ture faranti. Tonton take ce masa, wato kawu da Faransanci. "Tonton, tauraro ba haka kawai yake bayyana ba, haifarsa ake yi. Akwai gajimare a can sama, na iska da ƙura, mai tsananin sanyi, faɗinsa ya wuce hankali. Nauyinsa ke jawo shi ya dunƙule, tsakiyar ta yi ta matsuwa tana ɗaukar zafi har wata rana ta kama haske. Matsalar ita ce gajimaren juyawa yake, kuma yana tsukewa juyin na ƙaruwa. In ba abin da ya rage masa gudu, kayan ba za su isa tsakiya ba, sai dai su yi ta kewaye. Ƙarfin maganaɗisun da ya ratsa gajimaren, shi ne birkin. Aikina ke nan, in gano yadda yake kwance a kewayen jariran taurari."

Wata tambaya ta taso wa Alhaji, mai kyau kuwa, har ya ji daɗin kansa. Ya yafito Hawaou da ido, ta matso, ya ce ƙasa-ƙasa, "Tambaye ta, abin da ba a gani da ido, ta yaya suka san yana nan?"

"Ga ka ga ta, Alhaji," in ji Hawaou. "Ni 'yar aike ce?"

Kafin ya harare ta, sai ya ji muryar Andrew daga teburi: "Amma dokta, abin da ba a gani da ido, ta yaya kuka san yana nan?"

Tambayarsa ce, ko harafi ba a canja ba. Bilkissou ta tafa hannu, fuskarta ta washe. "Ka ji tambayar masana. Ƙurar ce ke tona shi, Tonton. Kowace ƙwaya tana da ɗan tsawo kamar shinkafa, maganaɗisun kuma yana jera su ta fuska ɗaya. Ɗan hasken da suke fitarwa yana ɗauke da alamar yadda suka kwanta. Akwai manyan faya-fayen hangen sama a kan tsaunukan Chile, su ke kamo hasken, mu kuma mu zauna gaban kwamfuta mu zana layukan." Ta ciro waya ta nuna masa wani hoto. "Ka ga yadda layukan suka tsuke a tsakiya kamar kalangu? Nan jaririn yake, yana jan komai zuwa jikinsa. Garin ƙarfenka ne, Tonton, kwalin ne kawai ya ƙara girma."

Andrew ya cire tabarau ya goge ido. Waya ta tafi hannun Hawaou. Da ta dawo, Bilkissou ta ɗan dubi bakin ƙofa, ta ga ubanta ya tsare rediyo da ido, sai ta mayar da ita jaka. Ai ta san Baba ba ya kallon irin waɗannan abubuwa, tun katin sakamakon firamare ta sani.

Shi kuwa Alhaji ji ya yi kamar an zuba masa barkono a ƙirji. Kishi ne, tsagwaronsa, kuma ya san kishi ne. Wa ya yi sammakon kai ta asibiti lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita? Wa ya tsaya a rana a ƙofar ofishin jakadanci ranar neman biza, ya ɓuya bayan wata mota don kada ta gan shi? Amma kalangun sama, wai Andrew aka nuna wa. Kifin ranar ko ɗanɗanonsa bai ji ba.

Cikin makon nan tsohuwar makarantarta ta gayyace ta ta yi wa ɗalibai jawabi. Alhaji ya ce shi ba zai samu zuwa ba, akwai kaya da za a sauke. Hawaou ta goge masa farar shaddarsa ta rataye a inda zai gani. Ya je, mana. Ya bari sai da zauren ya cika sannan ya sulale ya zauna a layin ƙarshe, kusa da wata fanka da ke ƙara.

Da Faransanci ta yi jawabin. Rabi ya fahimta, rabi ya wuce shi, amma ya ga yadda 'yan mata suka daina danne-dannen waya suka zuba mata ido. Ya ga kalangun a jikin bango, ƙato, ja da shuɗi, ga wasu siraran harsuna biyu suna fita ta sama da ta ƙasa. Ta ce jaririn ba ya cinye duk abin da ya jawo, maganaɗisun yana harba wani kaso waje da gudun tsiya. Alhaji ya gyaɗa kai shi kaɗai. Zuciyarsa ta cika fal, har ya ji tsoron kada wani ya gani a fuskarsa.

Sai hoto ya canja. Teburin Andrew ne, da tarkacen wayoyi, da kwali da garin ƙarfe a kai. "A nan na fara," in ji Bilkissou.

Da ta gama, shugabar makarantar ta karɓi makirufo, wata doguwar mata mai son biki. Ta ce ba za a tashi ba sai uban da ya haifi wannan yarinya ya miƙe an gan shi. Alhaji ya sunkuyar da kai. Haba, ina aka taɓa yin haka? Mutum ya miƙe a bainar jama'a a tafa masa saboda 'yar fari? Ƙafafunsa sun so tashi, wallahi sun so, amma wani abu da ya girme shi ya danne masa kafaɗu.

Aka shiga waige-waige a zauren. Wasu ɗalibai da suka san shagon Glass suka hango Andrew a layin gaba kusa da Hawaou, suka fara nuna shi. Shugabar ta ce, "Ah, ga papa nan," tafi ya ɓarke. Andrew ya miƙe rabi yana girgiza hannu alamar ba shi ba ne, aka ɗauka kawaici ne, aka ƙara tafin.

Bilkissou ta karɓi makirufo tana murmushi. "Wannan tontona ne, shi ya ba ni maganaɗisun farko. Babana yana nan lafiya, sai dai shi irin waɗannan abubuwan ba su dame shi ba."

Ba da zafi ta faɗa ba, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Ta faɗe shi ne kamar mai cewa Baba ba ya shan madara. Alhaji ya fice kafin a tashi taron, ya tari taksi a bakin titi, har Glass bai san ta inda aka bi da shi ba.

Daga ranar Andrew ya shiga uku. Bencin da suke zama a kai tun suna da baƙin gashi, Alhaji ya janye shi ya kai ɗaya gefen shagon. Shayin la'asar ya koma kofi ɗaya. In Andrew ya ce, "Ina kwana, Alhaji," sai ya amsa da hanci. Ya ce warin man Andrew yana shiga atamfofinsa. Ya ce ƙarar injin da yake gwadawa tana korar masa masu ciniki. Injin nan kuwa tun yarinyar tana firamare yake ƙara, ba a taɓa jin ya kori kowa ba.

Andrew ya yi haƙuri har ya gaji. Wata la'asar ya goge hannu da tsumma, ya zagayo ya tsaya a ƙofar shagon atamfa.

"Alhaji, me na yi maka?"

"Kai ka san ka yi wani abu?"

"Ban ce a tafa mini ba. Ka ga ina cewa ba ni ba ne."

"Na ga ka miƙe."

"To kai me ya hana ka miƙewa? Na hango ka a baya, da farar shadda."

Alhaji ya warware wata atamfa da ba wanda ya nema, ya shiga ninke ta. "Mu ba ma haka."

"Na sani," in ji Andrew. Ya sassauta murya. "Na zauna da mutanenku, na san kunyar ɗan fari. Tana 'yar ƙarama ta taɓa zuwa shagona tana kuka, ta ce ƙannenta duk kana kiran sunansu, ita ce ba ka kira, ko ta yi maka wani laifi ne. Na zaunar da ita na yi mata bayani. Na ce a wajenku wanda aka fi ji da shi ne ake ɓoyewa. Ta gane, Alhaji. Ba ta riƙe ka da komai ba."

Andrew ya ɗauka ruwan sanyi ya kawo. Bai san fetur ya watsa ba. Ashe har son da Alhaji ke yi wa 'yarsa, a shagon Andrew aka fassara mata shi. Ashe kukan ma can ta kai. Ya tuna yammacin da ta riƙa dawowa da jajayen idanu yana cewa hayaƙin dalma ne.

"Wa ya aike ka?" in ji Alhaji. "Wa ya ce ka yi mini tafinta a wajen 'yata?"

"Kai ka turo ta," in ji Andrew, ya juya ya koma shagonsa.

Hutu ya zo ƙarshe. Bilkissou za ta bi jirgin ruwa zuwa Port-Gentil, ta yi wa wasu ɗalibai jawabi a can, daga nan ta wuce Faransa, sai kuma wata shekarar in da rai. Alhaji ya yanke shawara a ransa, bai gaya wa ko Hawaou ba. Zai faɗa. Sau ɗaya dai, a kunnenta, ta tafi da shi. Ya gwada a bayan shago, tsakanin dilolin atamfa, leɓensa na motsi ba sauti. Sunan ya yi masa nauyi a baki kamar ba shi ya raɗa mata shi ba ranar suna.

Da safe suka isa tashar jirgin ruwa ta Port Môle su huɗu, don Andrew ma ya zo rakiya, kuma ba yadda za a yi a hana shi. Wurin ya cika maƙil. 'Yan dako suna ture mutane da kura, mata masu sayar da burodi da soyayyen kifi suna kiran ciniki, iska na kawo warin gishiri da man jirgi. Bilkissou ta rungume uwarta suka sha kuka. Ta rungume Andrew, ya dafa kanta ya ce Ubangiji ya tsare. Sannan ta zo gaban ubanta ta rusuna, idonta a ƙasa, yadda aka koya mata.

"Baba, zan tafi."

Ga kanta nan daf da hannunsa. Ga sunan a kan harshensa. Hawaou na kallo, Andrew na kallo, wani ɗan dako ma ya tsaya yana kallo.

"To," in ji Alhaji. "Allah ya kiyaye hanya. A riƙa kula da salla."

"Amin, Baba."

Ta miƙe ta ja jakarta ta shiga layi. Yana kallon farin gyalenta yana nisa a cikin kawunan mutane, ya wuce mai duba tikiti, ya hau gadar ƙarfen da ke kaiwa cikin jirgi. Shekara guda ba wasa ba ce, shi kuma ba yaro ba ne, kuma tana tafiya ne da maganar nan a ranta, cewa abubuwanta ba su dame shi ba.

"Ke," ya ce. Mata biyu da ke kusa suka waigo. "Ke, yarinyar nan."

Ina za ta ji? Rabin tashar 'yan mata ne. Ta kusa ƙofar jirgin. Alhaji Oumarou ya cika ƙirji, ya runtse ido, ya saki abin da ya riƙe tun ranar da aka haife ta.

"Bilkissou!"

Muryar ta fita a dishe, ta tsage, ba ta yi kama da tasa ba. Hawaou ta dafe ƙirji. A can kan gadar farin gyalen ya tsaya. Bilkissou ta waigo, ta sa hannu ta kare rana, idonta yana bin taron. Ya bi ta kan uwarta, ya bi ta kan farar shadda bai ko tsaya ba, ya sauka a kan Andrew. Fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannu sama tana kaɗawa.

"Na ji, Tonton. Sai na kira ka."

Andrew ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ɗago hannu zai nuna mata wanda ya yi kiran, yatsansa har ya fara juyowa. Alhaji ya cafke hannun, ya danne shi ƙasa da ƙarfin da bai san yana da shi ba.

"Alhaji, bari in nuna mata. Ba ta san kai ne ba."

"Bar shi," in ji Alhaji, haƙoransa a cije, hawaye na bin gemunsa. "Wannan ma ta hannunka za ta same shi?"

Mutanen da ke bayanta suka matsa, Bilkissou ta ƙara kaɗa hannu ta shige. Jirgin ya yi ƙaho, aka janye gadar. Alhaji bai saki hannun Andrew ba sai da ruwa ya raba jirgin da gaɓa.